Ƙoshiyar Masaƙa da Kai-komon Sulhu a Zamfara

Kwanakin baya a cikin motar haya daga Gusau zuwa Tsafe, wani ma'aikaci da muka zauna kujera ɗaya ya shaida mini cewa shekara uku ke nan yana "shuttling" tsakanin gida da wurin aiki, domin ya kwashe iyalinsa ya mayar Gusau saboda tsoron masu garkuwa da mutane. Kalmar ta tsaya mini a rai har muka sauka, kasancewar nazarin harshe shi ne sana'ata, kuma na ga tarihinta yana ɗauke da darasin da ya shafe mu.

Asalin kalmar shuttle daga tsohon Turanci ne, inda ake cewa scytel, ma'ana kibiya ko ɗan mashi, kuma tushenta ɗaya da shoot, wato harbi. Zuwa ƙarni na 14 sai masaƙan Ingila suka ara ta suka laƙaba wa ƙoshiyar saƙa, saboda yadda ake cilla ta tsakanin zaren tsaye kamar an harba kibiya. A nan ma'anar ta juya, domin kibiya in ta tafi ta tafi ke nan, ƙoshiya kuwa dole ta dawo. A ƙarshen ƙarni na 19 aka soma kiran jirgin ƙasa mai zirga-zirga tsakanin tasha biyu da wannan suna, daga baya motoci da jiragen sama suka gada, har ta kai ga kumbon Amurka da ya yi tafiya 135 zuwa sararin samaniya tsakanin 1981 da 2011.

Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Muna da kai-komo da kai-da-kawo da zirga-zirga, muna da makarantar jeka-ka-dawo, sannan mun aro safa da marwa daga aikin Hajji muna siffanta mutumin da damuwa ta hana shi zama. Sai dai mai karatu zai lura cewa sa'ayin asali yana da adadi da maƙura: sau 7 ne, a fara daga Safa a ƙare a Marwa, kuma kai-komon Nana Hajara ya ƙare da samun ruwan Zamzam. Haka ƙoshiya take. Duk wucewar da ta yi sai ta bar abawa a bayanta, masaƙi ya daddale, saƙa ta ƙaru. Kai-komon da ba ya barin komai kuwa Bahaushe ya ba shi suna daban, tufka da warwara.

Siyasar duniya ta karɓi kalmar bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, lokacin da 'yan jarida suka kira zirga-zirgar Henry Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka, da shuttle diplomacy. Ko me mutum zai ce game da manufar Amurka a yankin, tafiye-tafiyen sun bar zare: yarjejeniyar janye sojoji tsakanin Masar da Isra'ila a Janairun 1974, da wata tsakanin Siriya da Isra'ila a watan Mayun shekarar, dukkansu a rubuce, da sa hannu, da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya masu sa ido.

To mu dawo gida. A 2016 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da Buharin Daji, abin bai ɗore ba. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta sake buɗe ƙofar sulhu, aka sami ɗan sauƙi na watanni, sai ga sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, kuma a Satumban shekarar aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. A 2023 Gwamna Dauda Lawal ya hau mulki da alwashin ba zai tattauna da 'yan bindiga ba, kuma a Satumban wannan shekara aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Yau sulhu, gobe wuta, jibi sulhu. Manomin Tsafe da ya bar gonarsa yana da haƙƙin ya tambaya: ina abawar da duk wannan kai-komo ya bari?

Masaƙi ya san ƙoshiya ba ta aiki sai an ɗaure zaren tsaye ya miƙe. A ganina abin da muka rasa ke nan. Ko sulhu aka zaɓa ko yaƙi, akwai abubuwan da bai kamata su riƙa sauyawa da sauyin gwamna ba: matsaya ɗaya tsakanin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da gwamnatin tarayya, tunda dajin ɗaya ne, rubutattun sharuɗɗa da jama'a za su gani, da wanda zai tsaya a kan cika su, shari'a ga wanda ya kashe rai, ɗan bindiga ne ko ɗan sa-kai, da kuma warware rikicin burtali da mashaya wanda yana cikin tushen fitinar. In babu waɗannan, kowace sabuwar gwamnati za ta warware abin da ta tarar ta sake ɗaura zare daga farko.

Abokin tafiyata ya sauka a Tsafe yana duba agogo, domin dole ya kamo hanyar Gusau kafin la'asar ta yi sanyi. Irinsa suna da yawa cikin malamai da ma'aikatan jinya, kuma ranar da suka gaji suka nemi canjin wurin aiki, makarantu da asibitocin karkara ne za su kwana a ciki. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa a kan magana ɗaya.