Kwanan Sababbin Kaji A Akurki: Inda Ƙananan Masu Kiwo Ke Asarar Jari

Tsadar ƙwai da nama ta sa 'yan kasuwa da ma'aikata da dama, daga Sabon Ibadan zuwa Agege a Legas, sun rungumi kiwon kaji a bayan gida. Galibinsu ba su da lokacin renon 'yan tsaki, don haka sukan sayi 'yan matan kaji masu makonni 16 zuwa 18 waɗanda suka kusa fara ƙwai. Abin da ba kasafai mai sayarwa ke faɗa wa mai saye ba shi ne, kazar da aka kai sabon gida ba ta san akurkin da aka gina mata ba. Idan aka sake ta a ranar farko, magariba za ta same ta a kan katanga ko a gindin tankin ruwa, inda muzuru, gafiya, maciji ko ɓarawo ke jiranta.

Bari mu dubi lissafin. Kafin kazar gidan gona ta kai makonni 18, takan ci abincin da ya kai kilo 6 zuwa 7. Ke nan kaji 20 sun lashe kusan buhu 5 masu kilo 25, ban da kuɗin rigakafi da na mota, kuma duk wannan yana cikin farashin da mai saye ya biya. Kazar da ta samu kulawa tana iya ba da ƙwai 270 ko fiye a shekara, wato kiret 9. Wanda ya rasa uku daga cikin 20 a makon farko ya rasa kashi 15 cikin ɗari na jarinsa tun bai ga ƙwai ko ɗaya ba, sannan kuɗin ginin akurki ya koma kan sauran 17. A ganina, ba a harkar da ɗan kasuwa zai yarda da irin wannan asara alhali maganinta bai wuce haƙurin mako guda ba.

Kaza dabba ce mai bin sabo. Ba ta gani sosai a duhu, shi ya sa da rana ta yi ja take neman wurin da ta kwana jiya. Saboda haka dabarar ita ce a kulle sababbin kaji a cikin akurki na tsawon kwana 3 zuwa 7, da abinci da ruwa a ciki, ba tare da an bar su sun leƙa waje ba. Ranar da za a fara sakinsu kuwa, a bari sai bayan la'asar, ta yadda duhu zai riske su kafin su yi nisa. Bugu da ƙari, a riƙa zuba musu ɗan tsaki ko dusa a cikin akurkin dab da magariba, da kira iri ɗaya kullum. Idan cikin ɗakin ya fi waje duhu, ƙaramar fitila mai caji takan jawo su, sai a kashe ta bayan sun natsu. Wadda ta noƙe, kada a bi ta da gudu. A jira duhu ya yi, a ɗauke ta a hankali a sa ta ciki; bayan dare uku ko huɗu yawanci takan shiga da kanta.

Asalin kazar ma yana da tasiri. Kazar Hausa ta gaji hawa bishiya, kuma idan ta kwana biyu a kan reshe, sauko da ita aiki ne. Kajin da aka rena a manyan gonakin Ibadan, cibiyar cinikin 'yan tsaki a ƙasar nan, matsalarsu daban ce: da yawansu ba su taɓa ganin sandar kwana ba, sai su taru a lungu guda, wata kan wata, har ta ƙasa ta shaƙe. Irin waɗannan ana buƙatar a kafa musu sanda mai tsayin rabin mita daga ƙasa, kowace kaza ta samu filin santimita 20 zuwa 25, a riƙa ɗora su a kai da hannu har su gane. Nau'o'in da aka samar domin kiwon gida, irin su Noiler da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, sun fi jure yawon tsakar gida, amma su ma sai an kulle su a farko.

To, idan an yi duk wannan amma kaji suka ci gaba da ƙin shiga, laifin na akurkin ne. Kaskar kaji da ƙuma suna ɓuya a tsagar katako da bango da rana, su fito shan jini da dare. Mai kiwo ya haska tocila a ƙasan sanda bayan isha'i, zai ga zahiri. Haka nan rufin kwano mara tagogin waya yakan riƙe zafi har tsakar dare, kuma jiƙaƙƙen garin katako, musamman a daminar Kudu, yana tayar da warin da ke yi wa kaji yaji a ido. Kazar da ta zaɓi katanga a irin wannan hali ba taurin kai take yi ba.

Saura batun tsofaffin kajin gida, waɗanda kan tsaya a ƙofa suna saran baƙi. Ware sababbi na tsawon mako biyu yana rage wannan faɗa, kuma yana da wani amfani mafi girma. Tun da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna cikin watan Fabrairu na shekarar 2006, likitocin dabbobi ke gargaɗin kada a haɗa baƙuwar kaza da na gida kai tsaye. Bayan wa'adin ya cika, a raba su da waya na 'yan kwanaki suna ganin juna, sa'annan a haɗa su da dare, a kuma ƙara mazubin abinci na biyu domin kada manya su hana ƙanana ci.