Gidan boris na feda: yadda ake gane ya ci da yadda ake canza shi

Ƴan'uwa manoma na Damargu, daga Tanut har Belbeji, keke yakan ɗauki bido biyu na lita 25 daga rijiya, ya kai hatsi kasuwar Bakin Birji ko Gangara, ya kai yaro likita. Duk ƙarfin ƙafar mai tuƙi ta wuri guda yake bi: gidan nan na ƙasa inda sandar feda take juyawa, wanda masu gyara ke kira pedaliye.

A cikinsa akwai sandar ƙarfe, kofi biyu, da ƴaƴan boris. In ƴaƴan a sake suke, 11 ne a kowane gefe, kaurin kowane milimita 6,35. Abokin gabarsu rairayi ne. Iskar hunturu takan tura shi ciki, ya gauraya da giris, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Wanda ya zuba baƙin man mota a ciki bai yi magani ba, domin man yakan tsiyaye, ya ƙara jawo ƙura.

Kafin ku kashe ko dala, ku gwada. Ku sauke sarƙa, ku kama hannun feda, ku girgiza shi gefe da gefe. In hannu ɗaya kaɗai ke motsi, ƙusar da ta riƙe shi ce ta ci, kuma ba ta da tsada. In duka biyu suna motsi tare, ko kuna jin ƙaras-ƙaras in kun juya, to matsalar a ciki take.

Ana kwancewa ta gefen hagu: a warware zoben kulle, sannan kofin. A wanke komai da kananzir, a duba a rana. Sanda ko kofi mai rami-rami inda ƴaƴan ke gudu ya gama aiki. In suna da santsi, sababbin ƴaƴa da giris sun isa. Kada a haɗa tsofaffi da sababbi.

Wurin saye ne ake yin babbar asara. Haƙoran ɗaurin kofi ba iri ɗaya ba ne. Yawancin kekunan yau suna bin awon Ingila: faɗin gidan milimita 68, kuma kofin gefen sarƙa a baibai yake, wato ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran noti. Tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot na da, awonsu milimita 35 ne, kofunan biyu kuma duk hanya ɗaya suke ɗauruwa. Tsohon Raleigh na Ingila yana da nasa awon dabam. A ido duk kusan ɗaya suke. Kofin da ba na gidan ba yakan shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije. In aka matsa masa da ƙarfi, haƙoran jikin keken ne za su lalace, kuma wannan gyara ba na ƙauye ba ne. Saboda haka ku ƙulle tsohuwar sanda da kofunan a tsumma, ku tafi da su wurin mai kaya, a Tanut ko Damagaram, a jera su da sababbin. Tsawon sandar ma a duba shi, domin gajera takan sa farantin sarƙa ya goga jikin keke.

Akwai kuma rufaffen gida da ke zuwa a haɗe, da awonsa rubuce a jiki, misali 68 da 122. Rairayi ba ya shigarsa da sauƙi, amma in ya ci sai dai a yar, kuma kwance shi na bukatar makulli na musamman. A ganina, wanda ke nesa da gari gara ya tsaya kan mai ƴaƴa, ya riƙa wanke shi bayan hunturu da bayan damina.

Wajen mayarwa, gefen sanda mai tsawo shi ke zuwa wajen sarƙa. A fara ɗaura kofi da hannu, a matsa shi har girgiza ta ɓace amma sandar tana juyawa sumul, sannan a kulle zoben. Ƙusoshin hannuwan biyu su shiga suna juya wa juna baya, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe ba. A tallafi hannun da guntun ƙarfe daga ƙasa kafin a buga ƙusar, don kada guduma ta huce a kan sababbin ƴaƴan. Bayan tafiyar kwana biyu a sake bugawa kaɗan, a ƙara matse notin.