Ingarma da Mudunsa: Gaskiyar Shan Man Sabbin Motocin Gudu

A watan Yunin shekarar 2024, sa'ad da kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya fito da sabon samfurin motarsa mai suna M5, wadda ake ƙerawa a garin Dingolfing cikin lardin Babariya, ya haɗa sanarwarsa da wasu alƙaluma guda biyu, waɗanda duk mai hankalin da ya jera su wuri ɗaya sai ya tsaya ya yi nazari. Na farko ya ce ƙarfin motar ya kai na doki 727, har tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin sakan uku da rabi. Na biyu kuwa ya ce wannan ingarma, mai nauyin da ya haura kilo 2,400, ba ta shan fetur fiye da lita 1.6 zuwa 1.7 a tafiyar kilomita 100, watau kwatankwacin abin da ƙaramin babur yake sha. Tankinta lita 60 yake ci. Saboda haka, da za a ɗauki maganar a kan zahirinta, cikon tanki ɗaya zai kai mutum Ikko daga Kano, ya komo da shi gida, ya sake mai da shi Ikko, da sauran mai a ciki.

Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya sani cewa ingarman da ake kilisa da shi ranar hawan salla ba ya ƙoshi da harawar da ke isar jaki, kuma zuciya takan yi saurin yanke hukuncin cewa an shara ƙarya. Amma adalci bai yarda da wannan gaggawa ba, domin adadin nan an same shi ne ta hanyar awon da doka ta tsara, a gaban hukumomin da doka ta ɗora wa alhakin shaida. Abin da ya faru shi ne abin da malamanmu suka daɗe suna jan kunnen almajirai a kansa, cewa ba a ɗaukar hukunci a bar sharaɗinsa. Kuma sharuɗɗan da wannan adadi ya rataya a kansu suna da yawa, galibinsu kuwa ba sa cika a kan kwalta.

Bari mu leƙa ɗakin da ake awon. Ana shigar da motar cikin wani zaure da aka daidaita zafinsa a kan digiri 23, a ɗora tayoyinta bisa wasu manyan gammuna na ƙarfe masu juyawa, a ɗaure ta gaba da baya yadda za ta yi ta gudu ba tare da ta gusa ko taku ɗaya ba, sa'an nan a jona tiyo a bakin salansa domin tara hayaƙin da take fitarwa, wanda daga gare shi ake ƙididdige man da ta ƙona. Direban gwaji yana zaune, idonsa a kan wani allo mai nuna masa layin da zai bi: nan ya taka totur kaɗan, can ya sassauta, can kuma ya tsaya cik kamar wanda danja ta tare. Wannan tsari, da ake kira WLTP, wanda Tarayyar Turai ta fara aiki da shi a watan Satumban 2017, minti 30 yake ɗauka, tafiyarsa kilomita 23 da 'yan kai, matsakaicin gudunsa kilomita 46.5 a sa'a, ƙololuwarsa kuwa wajen 131 ce. Na'urar sanyaya mota a kashe take, babu tudu babu gangare, babu cunkoso, babu fasinja huɗu da kayansu, babu kuma fushin direban da aka sha gabansa. Fa'idar wannan tsari ita ce yana auna kowace mota da mudu ɗaya, yadda za a iya gwama wannan da waccan. Kuma ya fi wanda ya gada, mai suna NEDC, wanda tafiyarsa kilomita 11 ce kacal cikin natsuwa, har tazarar da ke tsakanin sakamakonsa da abin da direbobi ke gani ta kai wajen kashi 40 cikin ɗari kafin a yi watsi da shi. Sai dai motar da aka ƙera domin ta iya kaiwa kilomita 305 a sa'a, idan aka gwada ta da tafiyar da ba ta buƙatar ko rubu'in ƙarfinta, an auna ta ne tana tafiyar takama, ba a ga sukuwarta ba.

Wannan kaɗai bai isa ya haifar da lita 1.6 ba, asalin sirrin yana cikin cewa motar tana da zuciya biyu. A samfurin 2024, akwai injin fetur mai silinda takwas, lita 4.4, mai ƙarfin doki 585, akwai kuma injin lantarki mai ƙarfin doki 197, wanda ke cin abincinsa daga wani babban batir da ake jonawa a soket a yi masa caji, kuma idan ya cika yana iya tafiyar da motar wajen kilomita 67 zuwa 69 ba tare da an ƙona ɗigon mai ba. Irin waɗannan motoci sau biyu ake gwada su: sau ɗaya da batir a cike, a yi ta maimaita zagayen har ya ƙare, sau ɗaya kuma da batir a ƙare, inda injin fetur ne ke ɗauke da nauyin. Daga nan sai a gauraya sakamakon biyu bisa wani ƙiyasi da doka ta ajiye, wanda a shekarar 2024 yake ƙaddara cewa mai irin wannan mota zai yi fiye da kashi huɗu cikin biyar na tafiye-tafiyensa da lantarki zalla. Ashe lita 1.6 ɗin nan ba shan man wata tafiya ba ce da wani mahaluki ya taɓa yi. Lissafi ne na wani mutum da aka ƙaddara, mai gajerun tafiye-tafiye, wanda ba ya kwana bai yi caji ba. Kuma tana tafe da abokiyar rakiya da akan manta da ita, watau wutar lantarki wajen kilowat-awa 25 a kowace kilomita 100, wadda ita ma kuɗi ake biya kafin a samu.

Shi kansa kamfanin bai ɓoye ɗaya adadin ba, yana nan rubuce a takardunsa na 2024 ga mai haƙurin karantawa har ƙasa: idan batir ya ƙare, motar tana shan lita 10.2 zuwa 10.3 a kilomita 100, ninki shida na adadin da ke zaune a saman shafi. Da wannan, tankin da muka yi zaton zai yi kilomita 3,750 bai kai 600 ba, kuma ko wannan ma a cikin zauren gwaji aka samo shi.

A ɗauka wani Bajamushe ne ya tashi da safe daga Munik zuwa Nurembag, tafiyar wajen kilomita 170, batirinsa a cike. Kilomita 60 na farko zai yi su cikin shiru, babu ƙara babu hayaƙi. Daga nan injin fetur ya farka ya karɓi ragamar sauran 110, inda zai sha sama da lita 11, ko da direban ya bi a hankali irin na ɗakin gwaji. In aka raba a kan tafiyar gaba ɗaya, ya sha kusan lita 7 a kilomita 100, ninki huɗu na abin da aka rubuta. In kuwa bai sami wurin caji a can ba, komowarsa duka a wuyan fetur take, ga kuma batir mai nauyin gaske da yake jansa a banza. Domin wannan sabuwar M5 ta ɗara wadda ta gada da wajen kilo 500, kuma kaso mai yawa na wannan ƙari daga kayan lantarkin ya fito.

To, balle a ce ya iso ɗaya daga cikin sassan manyan hanyoyin Jamus da doka ba ta ƙayyade gudu a kansu ba, zuciya ta raya masa ya ga abin da ya saya. A nan ne wata ƙa'ida ta halitta, wadda babu injiniyan da ya isa ya soke ta, take shigowa. Iskar da muke ratsawa ba tare da mun kula ba jiki gare ta, kamar yadda duk wanda ya miƙa tafin hannunsa ta tagar mota ya ji. Kuma turjiyarta ba ta ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu, ninkuwa take yi a kan kanta. Wanda ya ninka gudunsa daga 100 zuwa 200, turjiyar iska ta ninku masa sau huɗu, ƙarfin da injin zai fitar domin ya keta ta kuwa ya ninku sau takwas. Haka nan kowace zabura daga tsaye tana cin mai gwargwadon nauyin abin da aka zaburar, kuma duk lokacin da aka danna burki da ƙarfi, mafi yawan wannan ƙarfi da aka saya da kuɗi sai ya zama zafi ya bi iska, in ban da ɗan abin da injin lantarki ya ceto ya mayar cikin batir. Shi kuma injin fetur, ko a ranar da ya fi kowace lafiya, wajen sulusin ƙarfin da ke cikin mai yake mayarwa tafiya, saura ya fita ta lagireto da salansa. Doki 727 ba sa ci sai an tashe su, amma ranar da aka tashe su gaba ɗaya, kowannensu sai ya karɓi mudunsa.

Hujjar wannan magana ba ta tsaya ga ƙiyasi ba. A shekarar 2022, cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus, tare da ƙungiyar ICCT mai nazarin harkar sufuri, sun duba bayanan motoci masu zuciya biyu wajen 9,000 a Turai, suka tarar waɗanda ke hannun masu su suna shan lita 4 zuwa 4.4, waɗanda kamfanoni suka ba ma'aikatansu kuwa lita 7.6 zuwa 8.4, alhali takarda tana cewa 1.6 zuwa 1.7. Dalilin bambancin a fili yake: ma'aikacin da kamfani ke biya masa kuɗin mai, amma kuɗin wutar gidansa daga aljihunsa yake fita, da wuya ya wahalar da kansa da jona waya kowane dare. Bayan haka, tun daga shekarar 2021 doka ta wajabta wa kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai ɗaukar wata na'ura mai ƙirga man da ta sha haƙiƙatan. Kuma da Hukumar Tarayyar ta fitar da rahotonta na farko a watan Maris na 2024, sai ya bayyana motocin fetur sun zarce adadin gwaji da wajen kashi 24 cikin ɗari, na dizal da kashi 18, masu zuciya biyu kuwa hayaƙinsu ya ninka na takarda sau uku da rabi.

Mai tambaya zai ce, mene ne ya sa maƙera suka rungumi wannan fasali, har a motar da ba wanda ke sayenta domin tsimi? Amsar tana cikin dokar hayaƙi. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin wajen kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, kuma Tarayyar Turai ta sanya wa kowane kamfani haddi a kan matsakaicin abin da motocinsa ke fitarwa, da tarar yuro 95 a kan kowane giram da ya haura, a kowace motar da ya sayar. Injin nan mai silinda takwas, shi kaɗai, yana fitar da fiye da giram 230 a kilomita. Amma da aka aura masa batir, sai littafin hukuma ya rubuta masa giram 37 zuwa 39 a shekarar 2024. Ganin haka ne ya sa hukumomin suka gyara ƙiyasinsu tun daga farkon 2025, suka rage kason da ake ƙaddara wa lantarki, domin mudun ya matso kusa da gaskiya.

Kaɗan ne daga cikin masu karanta wannan maƙala za su taɓa riƙe sitiyarin M5, amma darasin ya shafe mu duka, domin motocin Turai, sababbi da 'yan Kwatano, nan ƙasarmu suke ƙarewa, da alƙalumansu a liƙe, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi a gidan mai kuɗi da na talaka. Sharuɗɗan zauren gwaji sun fi nisa da mu fiye da yadda suka yi wa Bajamushe: zafin bazararmu ya wuce digiri 23 nesa ba kusa ba, na'urar sanyi ba ta hutawa, cunkoso yana ƙona mai mota tana tsaye, kuma wanda zai yi cajin batir da janareta fetur ɗin dai ya ƙona ta wata ƙofa. Malaman fiƙihu sun shar'anta cewa mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani game da hajarsa, mai saye kuma ya san abin da yake saye, domin cinikin da aka gina a kan jahilci ƙofar nadama ne. Saboda haka wajibin dillali ne ya faɗi adadin biyu, haƙƙin mai saye ne kuma ya tambayi na biyun.

Awon da ba ya ruɗi kuwa yana hannun kowa, ba ya buƙatar zaure ko na'ura. Mutum ya cika tankinsa har bakin famfon ya ƙyasta ya tsaya da kansa, ya rubuta abin da maleji ya nuna, ya yi zirga-zirgarsa yadda ya saba, da iyalinsa da kayansa da halinsa na tuƙi; ranar da ya koma ya sake cikawa, a famfo ɗaya in da hali, sai ya raba litocin da suka shiga a kan kilomitocin da ya ci, ya ninka sau ɗari. Ya maimaita haka sau uku ko huɗu, cikin gari da kan doguwar hanya. Adadin da ya fito masa shi ne mudun motarsa a ƙarƙashin ƙafarsa, a kan hanyar garinsu, kuma da shi ya kamata ya tsara kasafin gidansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.