Idan Motar Ƙungiya Ta Fara Kuka a Baya

'Yan'uwa manoma, da kaka a-kori-kurar ƙungiya ba ta hutawa. Daga gonakin Zabi zuwa kasuwar Samaru da ta Sabon Gari, kullum tana ɗauke da masara. A lokacin ne bakaksil yakan lalace.

Ku leƙa ƙarƙashin motar. Tsakanin tayoyin baya akwai ƙarfe mai kumburi kamar tulu. A cikinsa akwai haƙoran da ke karɓar ƙarfi daga farfela su raba wa tayoyi biyu. Su ne ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana.

Kafin ku fitar da ko sisi, ku saurari kukan:

1. Kuka mai tsini, wanda ke sauyawa in an taka totur ko an saki: haƙora ne ko boris na ciki.
2. Gurnani mai ƙaruwa in an karkata gefe ɗaya: yawanci boris na taya ne, gyaransa da sauƙi.
3. Ƙarar "kwas" in an tashi mota: a fara duba kuros na farfela.

Sai a duba mai. A tsai da motar a wuri mai daidai, a kwance noti na zuba mai. Ya kamata man ya kai bakin ramin. In ya yi fari kamar madara, ruwan rafi ya shiga da damina. In akwai ɓarɓashin ƙarfe, haƙora na cin juna. Man giya mai lamba 90 akan zuba, ba man inji ba.

To, ina za a kai ta? In sabuwa ce, garantin kamfani bai ƙare ba, ku kai wa wakilin kamfanin, ko da a Kaduna ko Kano yake. In wani ya buɗe ta, garantin na iya faɗuwa. In tsohuwa ce, irin su Peugeot 504, makanikan Sabon Gari sun san ta sarai. Sauya mai, tsai da yoyo, da sa boris ba su fi ƙarfinsu ba, kuma kuɗinsu da rangwame.

Amma daidaita haƙora aikin awo ne. Ku tambayi makaniki ko yana da agogon awo. In da ido zai yi, ku nemi wani, gama kukan zai dawo. In tsohon bakaksil za a saya, a ƙirga haƙoransa su yi daidai da na motar.

Ma'aji da direba su tafi tare. A rubuta farashi kafin a kwance, a karɓi rasit, a dawo da tsohon ƙarfe gaban 'yan ƙungiya. Kuɗin nan gumin mutane da yawa ne.

Daga ƙarshe, buhu 10 masu kilo 100 sun kai tan ɗaya, kusan iyakar ƙarfin irin wannan mota ke nan. Gara sawu biyu da a ajiye ta a gareji, masara tana jira a gona.