Tarwaɗa da Danginta

Jama'a, dukanmu mun san tarwaɗa, mun ci ta a miya. To, yau bari mu dube ta da kyau, mu san danginta.

Masana sun kasa kifaye kashi kashi, kamar yadda mu ke kasa mutane dangi dangi. Babban kashi shi ne na kifaye masu fiffike da siraran ƙasusuwa a ciki, kamar tsinkayen mafici. Karfasa da giwan ruwa da tarwaɗa duk suna cikinsa. Gaiwa kuwa ba ta ciki.

A cikin wannan kashi tarwaɗa tana da danginta, iri fiye da 3,000 a duniya. A kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Cadi muna da ramboshi, da kurungu, da ragon ruwa, da minjirya.

Yaya za mu gane su? Na fari, ba su da ɓawo irin na karfasa, fatarsu sai santsi. Na biyu, suna da gashin baki. Tarwaɗa tana da takwas, kurungu shida. Da shi su ke laluben abinci, su ɗanɗana shi, ko cikin ruwa mai laka, ko da dare. Na uku, yawancinsu suna da ƙaya mai ƙarfi a fiffiken gefe.

Amma kowa da halinsa. Tarwaɗa tana da wani abu mai rassa a cikin kanta, wanda ta ke shaƙar iska da shi. Shi ya sa ta kan daɗe a waje ba ta mutu ba. Kurungu ya kan kafe ƙayoyinsa, ya yi gurnani in an kama shi. Minjirya ba ta da ƙaya a baya, makaminta lantarki ne. Wanda ya taɓa ta zai ji a jikinsa.

In ƙayar kurungu ta soke mu, mu wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu. In ya kumbura, mu tafi asibiti, kada mu yi jinkiri.

Da damina tarwaɗa ta ke hawa fadama ta yi ƙwai. Kada mu sa taru mai ƙananan idanu mu kwashe 'ya'yanta. In mun cinye su bana, me za mu kama baɗi?

Tambayoyi
1. Gashin bakin tarwaɗa nawa ne?
2. Mene ne makamin minjirya?
3. Don me ba a son taru mai ƙananan idanu?