"Ai Talla Nake Masa": Maganar da Ke Cinye Gumin Mawaƙa

A kasuwannin waya da tashoshin mota za ka ga masu turin waƙoƙi: tebur, kwamfuta guda, lasifika tana ta amo. Ka miƙa memori, a cika maka shi da waƙoƙi, ka biya ka tafi. Ko sisi ba ya isa hannun wanda ya rera. In ka yi magana, mai turi ya ce, "Malam, ai talla nake masa." Wannan amsar ce ta ishe ni.

Haƙƙin mallaka dai shi ne ikon mai fasaha a kan kwafa da sayar da aikinsa. Sabuwar dokarsa a Najeriya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta haɗa har da abin da ake ɗorawa a intanet, kuma kariyar waƙa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan waƙoƙin Mamman Shata, da ya rasu a 1999, suna da magada masu haƙƙi har gobe.

To, wane irin talla ne mai tallan ke cinye uwar kuɗi da riba? Mawaƙi ya biya situdiyo, ya sallami mai kiɗa da 'yan amshi, ya ɗauki bidiyo. Wani can ya sauke waƙar ya ɗora a tasharsa ta YouTube, masu kallo suka rabu biyu, kuɗin tallace-tallace ma haka. Gaskiya ne yaɗuwar waƙa tana jawo gayyatar biki da liƙi. Amma mawaƙin da muryarsa ta dushe fa, ko wanda ya kwanta dama? Wa zai gayyace shi? Shi ya sa da yawa suka koma waƙar 'yan siyasa, inda ake biya nan take, sannan mu dawo muna zaginsu da kwaɗayi. Haba jama'a!

Kuma kuɗin nan akwai su. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, ya kuma ce a 2024 kaɗai mawaƙan ƙasar sun samu sama da naira biliyan 58 a dandalinsa. Amma waƙar da aka tura ta manhajar Xender ba a lissafa ta a wannan rabo. Tsadar data da muguwar kwangila su ma suna taka rawa wajen rage rabon mawaƙi.

Mai sauraro, ka duba sunan tasha kafin ka danna. In za ka aika wa aboki, aika masa adireshin waƙar, kada ka tura ta ɗungurungum a WhatsApp. Kai kuma mawaƙi, buɗe tasharka da sunanka da imel ɗinka, kada ka bar makullinta a hannun yaron situdiyo. YouTube kan raba kuɗin talla da tashar da ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara. Ka rubuta yarjejeniya da mai kiɗa tun kafin waƙa ta fita, ko da amininka ne, a fayyace kason kowa a gaban shaidu. In an sace maka aiki, ka cika takardar ƙorafi a dandalin a sauke shi, sannan ka kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.