CUTAR KORONA: ME YA ISO DAMANA DAGA AIKIN GWAMNATI?

Manoma da makiyaya, kun tuna da shekarar 2020. Ranar 19 ga watan Maris aka samu mutum na farko mai cutar korona a Yamai. Gwamnati ba ta yi jinkiri ba. Ta rufe iyakoki da makarantu da masallatai. A ƙarshen watan aka killace Yamai, ba shiga ba fita, sai tsakiyar watan Mayu aka buɗe.

Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya ce yaƙi da cutar zai ci kuɗin sefa miliyan dubu 597. Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin ruwa da na wuta na masu ƙaramin ƙarfi na wata biyu, Afrilu da Mayu. Ta saki ƴan kaso 1,540. Ta yi alkawarin ɗaukar ma'aikatan lafiya 1,500. Allurar rigakafi kuwa, a ƙarshen watan Maris na 2021 aka fara ta.

An ci riba. Cutar ba ta yi ɓarna a Nijar kamar yadda ta yi a Faransa ko Amurka ba. Mutum ɗari uku da ƴan kai aka lissafa ta kashe a ƙasar duka.

To, amma me ya iso Damana da ƙasar Kurfai? Manomin da ke shan ruwan rijiya, ba famfo ba wuta a gidansa, wannan rangwame bai shafe shi ba. Abin da ya shafe shi shi ne rufe hanya. Makiyayi ya kora ragonsa kasuwar Baleyara ran Lahadi, masu saye daga Yamai ba su zo ba. Ga azumi, ga rumbu ya yi ƙasa. Ƴan ci-rani da suka tafi Kwatano da Abijan sun rasa hanyar dawowa gida, damina kuma tana matsowa. Gwajin cutar ma, da farko a Yamai kawai ake yin shi, nisan kilomita wajen 180 daga Filinge.

Akwai kuma zazzaɓin cizon sauro. Shi yana kashe dubban mutane kowace shekara a Nijar, yawancinsu yara ƙanana. Ya fi korona kisa nesa ba kusa ba.

Ga darasin. Kuɗin da aka zuba a likitar ƙauye ba ya ɓata. Ma'aikaci zaunanne, da magani, da ruwa mai tsabta, da motar ɗaukar marar lafiya zuwa asibitin Filinge, su ne ke tare kowace cuta, sabuwa ko tsohuwa.

Don haka, in an kira taron kwamitin likita, ku je. Ku tambayi nawa aka samu, da abin da aka saya. Kuɗin jama'a ne, tambaya ba laifi ba ce. Ku kai yara rigakafi, ku kwana cikin gidan sauro. Allah ya kare gaba.